Abin da ciwon sikila ke nunawa game da ginin jikin ɗan Adam

Yawancinmu mun tashi muna kallon jiki a matsayin tarin sassa, kowane sashe da ciwonsa da maganinsa. Idan ido ya koma ruwan ɗorawa sai a nemi maganin shawara, idan idon sawu ya yi gyambo sai a nemi na shafawa, idan yaro ya yi wayo bai daina fitsarin kwance ba sai a yi ta yi masa faɗa, idan kuma ƙashi yana sara da hunturu sai a ce sanyi ne ya shige shi. Asibiti ma a kan wannan rabo aka tsara shi, domin akwai sashen ido, da na ƙashi, da na ƙoda, da na zuciya, kowanne da likitansa da ranar ganinsa. Rabon yana da amfani wajen aiki, amma yana sa mu manta cewa jikin da aka rarraba ɗin guda ɗaya ne, kuma hawa-hawa aka gina shi, kowane hawa yana ɗauke da na samansa. A gidan da ake rainon mai ciwon sikila, koke-koken nan huɗu sukan fito daga tushe ɗaya, tushen kuwa yana can ƙasa, a hawan da ido ba ya gani. A ganina babu cutar da ke bayyana tsarin halittar ɗan Adam kamar wannan, kuma tun da babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan jariran da ake haifa da ita, ya kamata saninmu gare ta ya wuce sanin suna.

Hawan farko na rai shi ne ƙwayar halitta. Masana sun ƙiyasta cewa jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyin halitta tsakanin tiriliyan 30 da 37, waɗanda suka kasu iri-iri har kusan 200, kuma dukkansu daga ƙwaya ɗaya tak suka yaɗu, wato wadda ta samu lokacin da maniyyi ya haɗu da ƙwan mace. A cikin kusan kowace ƙwaya mai cibiya akwai wasu 'yan zaruruwa da ake kira kuromosom guda 46, rabi daga uba rabi daga uwa, a jikinsu kuma aka nannaɗe DNA, wani dogon rubutu mai haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, wanda kowane rabi nasa ya kai haruffa kimanin biliyan 3. Rubutun da ke cikin ƙwayar fata shi ne a cikin ƙwayar hanta, ba ƙari ba ragi. Abin da ya bambanta su shi ne ɓangaren da kowacce take karantawa, ta sarrafa furotin ɗin da aikinta yake buƙata, ta bar sauran a rufe.

Ƙwayoyin da suka yi kama da juna sukan haɗu su zama nama iri ɗaya, kuma duk abin da ke jiki bai wuce iri huɗu ba. Akwai mai lulluɓewa da shimfiɗa, kamar saman fata da cikin hanji da cikin jijiyoyin jini. Akwai mai ɗaurewa da tallafewa, kamar ƙashi da guringuntsi da kitse, kuma a nan aka sa jini duk da kasancewarsa ruwa. Sai tsoka, sai kuma jijiyoyin da ke kai saƙo. Wani likita Bafaranshe, Xavier Bichat, wanda ya rasu a 1802, shi ya fara jawo hankali ga wannan hawa, inda ya nuna cewa cuta kan kama nama iri ɗaya a duk inda yake, ba lalle sai gaɓa guda ba. Idan iri biyu ko fiye suka haɗu domin aiki ɗaya, sai a sami gaɓa, kamar zuciya ko ƙoda ko saifa, idan kuma gaɓoɓi suka haɗu sai a sami tsari, kamar na numfashi ko na narkar da abinci. Littattafan makaranta sukan ƙidaya tsari 11, ɗalibai su haddace su don jarrabawa. Haddar ba ta koyar da abin da ya fi muhimmanci, wato abin da ke kai-komo tsakaninsu, kuma babban mai kai-komon shi ne jini.

An daɗe kafin a gane hanyar da jini ke bi. Ibnun Nafis, likitan da aka haifa a ƙasar Sham ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, shi ya bayyana cewa jini yana fita daga ɓangaren dama na zuciya ya ratsa huhu kafin ya dawo ɓangaren hagu. A 1628 William Harvey a Ingila ya tabbatar da cewa jini zagaye yake yi a jiki duka, zuciya ce ke tura shi, amma bai ga mahaɗar da ke tsakanin jijiyoyin da ke fita da masu dawowa ba. Sai a 1661 Marcello Malpighi a Italiya ya gan ta da madubin likita a huhun kwaɗo: wasu 'yan siraran jijiyoyi da suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba. A cikin waɗannan ne ake yin ainihin aikin. Zuciya tana bugawa kimanin sau 100,000 a rana, tana tura jini kusan lita 5 a minti guda ga mutumin da ke zaune, amma duk wannan ƙoƙari domin jinin ya isa sirararan jijiyoyin nan ne, inda iskar oksijin da abinci ke fita su shiga nama, dattin nama kuma ya shigo. Mai noman rani ya san wannan a lambunsa: ko rijiya ta cika ko inji yana aiki, fangalin da 'yar hanyar ruwansa ta toshe shi kaɗai zai bushe, na kusa da shi yana kore shar.

Mai ɗaukar iskar ita ce jar ƙwayar jini, kuma idan aka bi ƙidaya, fiye da huɗu cikin biyar na ƙwayoyin jikinmu ita ce. Faɗinta bai wuce kashi 7 zuwa 8 cikin 1,000 na milimita ba, siffarta zagayayya ce mai lotsawa a tsakiya ta fuska biyu, kuma kafin ta bar ɓargo takan zubar da cibiyarta domin ta sami wurin cika cikinta da himogulobin, wanda yawansa a ƙwaya ɗaya ya kai kimanin miliyan 270. Wasu daga cikin jijiyoyin da za ta ratsa sun fi ta ƙanƙanta, saboda haka dole ta lanƙwashe ta matse ta wuce, sannan ta koma siffarta. Haka take yi ba dare ba rana har kwana 120, sannan a sauke ta, ɓargo kuma yana sakin sababbi fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Laushin nan nata shi ne sharaɗin rayuwar kowace gaɓa.

Himogulobin na manya sarƙoƙi huɗu ne na furotin, kowace da ɗigon ƙarfe a tsakiyarta wanda iskar ke maƙalewa a jikinsa. Biyu daga cikin sarƙoƙin, waɗanda ake kira beta, kowacce tana da ƙananan tubala da ake kira amino asid guda 146 a jere, umarnin ƙera su kuma yana kan kuromosom na 11. Ga mai sikila, harafi ɗaya ne ya canza a cikin umarnin, inda ya kamata a karanta GAG sai aka sami GTG, wannan kuma ya sa amino asid na shida ya zama balin a maimakon gulutamik asid. Gulutamik asid yana jituwa da ruwa, balin kuwa gudun ruwa yake yi. Muddin himogulobin yana riƙe da iska babu abin da ke faruwa, amma da zarar ya sauke ta a cikin nama, sai wurin da balin yake ya manne da maƙwabcinsa, wancan ma ya manne da na gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke miƙe ƙwayar daga ciki, ta ƙage ta yi siffar lauje. Idan ta koma huhu ta sake ɗaukar iska takan warware, amma yawan ƙagewa da warwarewa yana lalata fatarta, ruwan cikinta ya tsiyaye, daga ƙarshe ta ƙage ƙagewar da ba warwarewa.

Likitocin Turawa ba su rubuta cutar ba sai a 1910, lokacin da James Herrick na Shikago ya wallafa bayanin wani ɗalibin likitan haƙori daga tsibirin Giranada wanda aka ga irin waɗannan ƙwayoyi a jininsa. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa aibin yana cikin himogulobin ne, a 1956 kuma Vernon Ingram a Kambirij ya gano cewa bambancin bai wuce wuri ɗaya a sarƙar ba. Mutanen Afirka ta Yamma kuwa sun san ciwon tun kafin haka da ƙarnuka, har likitan nan ɗan Ghana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi sawunsa a danginsa zuwa 1670. Kakanninmu sun san shi da amosanin jini, sun san yana bin dangi, sun san yana tashi da sanyi da damina. Abin da ba su da shi shi ne hanyar gangarawa zuwa hawan da yake farawa.

Daga ƙagewar nan abu biyu ke biyowa, kuma kowanne yana hawa sama ta tasa hanyar. Na farko shi ne gajeren rai: ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 ba ta wuce 10 zuwa 20. Jini ya yi ƙasa ke nan, kuma gaɓar da ke fara lura ita ce ƙoda, domin ita ke auna iskar da ke zuwa mata, idan ta ga ta ragu sai ta saki wani sinadari da ke umartar ɓargo ya ƙara aiki. Ɓargo yana amsawa iyakar ƙarfinsa, har ya faɗaɗa ya tura ƙashin da ke kewaye da shi, shi ya sa wasu yaran ke da fitaccen goshi ko haƙoran sama da suka turo gaba, shi ya sa kuma ake ba su folik asid kullum, domin yana cikin kayan ƙera sababbin ƙwayoyi. Zuciya ita ma tana ƙara yawan abin da take turawa don ta cike giɓi, da tafiya ta yi tafiya sai ta ƙara girma. Ƙwayoyin da suka farfashe kuwa, ragowarsu tana zama wani launi ruwan ɗorawa da hanta ke tacewa ta zuba a matsarmama. Idan ya fi ƙarfin hanta sai ya bayyana a farin ido, wanda ya taru a matsarmama kuma yakan dunƙule ya zama tsakuwa tun mutum yana matashi. Saboda haka shawarar mai sikila, a mafi yawan lokuta, ba daga lalacewar hanta take ba, aiki ne ya yi mata yawa, kuma ɗura mata jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba ƙarin kaya ne a kan mai kaya. Duk wannan aiki yana cin kuzari, shi ya sa yaron ke ci amma ba ya ƙiba, balagarsa ma takan yi jinkiri.

Abu na biyu shi ne toshewa. Ƙagaggiyar ƙwaya ba ta iya matsewa ta wuce, kuma fatarta tana da danƙo, tana mannewa da bangon jijiya da fararen ƙwayoyin jini, sai hanya ta cushe, naman da ke gaba ya rasa iska. Jariri ba ya nuna komai a watanninsa na farko, domin ɗan tayi yana da nasa himogulobin dabam wanda babu sarƙar beta a cikinsa, kuma sai wajen wata shida yake ja da baya, na manya ya maye gurbinsa. Ɗan ƙanwata bai cika shekara ba ranar da ta miƙo mini shi ta ce, "Yaya, dubi hannun yaron nan, tun jiya ya ƙi yarda a taɓa shi." Bayan hannuwansa biyu sun kumbura sun yi sulɓi suna ƙyalli, yatsun sun yi ɓul-ɓul sun ƙi lanƙwasuwa, wurin da ɗumi, kuma ko gefen zani ya goge shi sai ya ƙwalla ƙara ya janye. Hajiyarmu ta duba ta ce ko wani ƙwaro ne ya cije shi a shimfiɗa, amma ƙwaro ba ya cizon hannu biyu daidai wa daida. Gwajin asibiti ya nuna SS ne, wato ya gaji harafin sikila daga uwa da uba duka. Dalilin da ya sa ciwon ya fara ta nan shi ne, ƙananan ƙasusuwan hannu da ƙafa na jariri cike suke da jan ɓargo mai aiki, mai yawan buƙatar iska. Yayin da yaro ke girma, jan ɓargon yana janyewa daga nan ya tattara a ƙashin baya da haƙarƙari da ƙugu da kawunan dogayen ƙasusuwa, ciwon kuma yana bin sa duk inda ya koma. Wanda ya san inda ɓargo yake a kowane shekaru zai iya faɗin inda mai sikila zai riƙe yana kuka.

Gaɓar da na fi so iyaye su sani ita ce saifa, wadda ke ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, kuma ba a cika tunawa da ita ba sai a wajen mahauci. Aikinta biyu ne. Tana tilasta wa jajayen ƙwayoyi su bi ta wasu tsagogi da suka fi su ƙanƙanta ƙwarai, wadda ta tsufa ta kasa wucewa sai a kama ta a rushe. Tana kuma tsare da ɗimbin fararen ƙwayoyi da ke cafke ƙwayoyin cuta masu kauri a fata, irin waɗanda ke haddasa ciwon huhu da sanƙarau. Jini a cikinta a hankali yake tafiya, iska kuma kaɗan ce, wato duk abin da ke sa ƙwayar sikila ta ƙage ya haɗu a wuri ɗaya. Ga ƙaramin yaro, mafitar saifa tana iya cushewa farat ɗaya, jini ya yi ta shiga ba ya fita, ta kumbura cikin sa'o'i kaɗan ta riƙe babban kaso na jinin jikinsa. Na ga wata ma'aikaciyar jinya ta kama hannun ƙanwata ta ɗora a cikin yaron, daga wajen cibiya tana matsawa a hankali zuwa haƙarƙarin hagu, tana cewa, "Maman yaro, nan za ki riƙa taɓawa kullum in kin yi masa wanka. Ranar da kika ji tauri ya sauko ƙasa da inda kika saba ji, ko kika ga tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, kada ki jira gari ya waye." Wannan darasi na minti biyu ya fi magunguna da yawa amfani, kuma ban ga dalilin da zai sa a kai irin wannan yaro a yi masa tsaga ko ƙaho a kan kumburin ba, alhali jinin ne ya yi masa ƙaranci.

Idan yaron ya tsallake wannan, toshewa bayan toshewa takan cinye saifar a hankali, har ta motse ta daina aiki, galibi kafin ya kai shekara biyar. A nan ciwon jini ya zama ciwon garkuwar jiki. Ƙwayar cutar da wani yaro zai kawar ba tare da an sani ba tana iya mamaye jinin mai sikila cikin yini guda, shi ya sa zazzaɓinsa ba na a ba shi farasitamol a jira ba ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1986 ya nuna cewa ba wa ƙananan yara masu sikila fenisilin kullum yana rage irin wannan kamuwa ƙwarai da gaske, kuma tun daga lokacin ya zama ƙa'ida, tare da allurar rigakafin ciwon huhu. A wajenmu sai an haɗa da gidan sauro da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, domin shi ma jajayen ƙwayoyi yake fasawa, ga wanda da ma ba su ishe shi ba.

Ƙoda kuwa tana nuna yadda gaɓa ɗaya ke mayar da cuta kan jiki duka. Kowace ƙoda tana da 'yan matatu kimanin miliyan ɗaya, su biyun suna tace ruwa kusan lita 180 a rana, amma abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba, saura duk ana mayar da shi jini. Mayarwar tana yiwuwa ne saboda can tsakiyar ƙoda gishiri ya yi yawa, yana janyo ruwa, iskar wurin kuma kaɗan ce. Jar ƙwayar da ta ratsa nan takan rasa ruwanta da iskarta a lokaci guda, sai ta ƙage, jijiyoyin wurin su lalace tun ana yara. Daga nan ƙodar ba ta iya riƙe ruwa, fitsari ya yawaita dare da rana ko yaron ya sha ko bai sha ba. Wannan shi ne asalin fitsarin kwancen da ake dukan yara a kansa, kuma hana su shan ruwa da yamma, wanda shi ne dabarar da aka saba, yana jawo abin da ya fi fitsarin muni, domin ruwan jiki yana raguwa, jini ya yi kauri, ƙwayoyi su ƙara ƙagewa, ciwo ya tashi. Zafin bazara yana yin haka ta hanyar gumi, sanyin hunturu da dukan ruwan sama kuma suna yi ta wata hanyar, domin fata tana tsuke jijiyoyinta don ta tsare ɗumin jiki, tafiyar jini ta ragu. Saboda wannan ne ma batun azumi ga mai sikila yake buƙatar shawarar likitan da ya san jikinsa, ba kwatance da wani mai sikilar ba.

Huhu yana da irin wannan zagaye, kuma ya fi gaggawa. Idan haƙarƙari yana ciwo mutum ba ya iya jan numfashi sosai, sai wani ɓangare na huhu ya kwanta, iskar da ke shiga jini ta ragu, ƙagewa ta ƙaru a ko'ina har da cikin huhun kansa. Ciwon ƙirji da zazzaɓi da haki ga mai sikila suna cikin manyan abubuwan da ke kisa. Ƙwaƙwalwa kuma, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma take cin kusan kashi 20 na iskarsa, ba ta jure yankewa ko ta 'yan mintoci. Idan ba a ɗauki mataki ba, kimanin ɗaya cikin goma na masu SS sukan sami shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20, abin da mutane suka ɗauka ciwon tsofaffi ne. Ana iya hango haɗarin tun kafin ya zo, da wata na'ura da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, domin inda hanya ta tsuke jini ya fi gudu. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi bincike a kan yaran da gwajin ya nuna suna cikin haɗari, suka nuna cewa ana iya kare su da maganin haidiroksiyuriya a inda ƙarin jini kowane wata ba zai yiwu ba. Sauran wuraren da jini ke isa da ƙyar, kamar kan ƙashin cinya da bayan ido da fatar idon sawu, kowanne yana da nasa rabon.

Akwai abin da ke ci mini rai a nan. Azabar da mai sikila ke ji saƙo ne na gaskiya daga naman da ke mutuwa don rashin iska, jijiyoyi suna kai shi laka, laka ta kai ƙwaƙwalwa, amma babu rauni a waje da za a nuna. Saboda haka sau da yawa ana kallon saurayin da ke murƙususu yana neman allura a matsayin mai raki ko wanda ya saba da ƙwaya. Wanda ya fahimci abin da ke faruwa a cikin ɓargon ba zai bar shi a kan benci yana jira ba.

Tambayar da ta rage ita ce, me ya sa harafin da ke wannan ɓarna ya yawaita a cikinmu haka, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi. A 1954 Anthony Allison, bayan aikinsa a Gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS, wato waɗanda suka gaji harafin daga ɓangare ɗaya kawai, sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar tana zama ne a cikin jar ƙwayar jini, a jikin mai AS kuwa ba ta samun sakewa, kuma saifa tana saurin kawar da ƙwayoyin da ta shiga. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar a ƙasar Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, daga 1969 zuwa 1976, ya ga wannan a ƙauyukanmu: kimanin jarirai 2 cikin 100 an haife su da SS, amma da wuya aka sami mai shi a cikin yaran da suka tasa, masu AS kuwa kasonsu ya ɗan ƙaru daga jarirai zuwa manya. Sauro ne ya riƙe harafin a cikin al'umma, yana kare masu guda yana kashe masu biyu. Yanzu da magani ya samu, masu SS da yawa suna girma su yi karatu su yi aure, akwai kuma dakunan kula da su a manyan asibitocinmu da cibiya ta musamman a Yamai, sai dai yaran karkara har yau ba su cika isa can ba.

Magungunan ma kowanne da hawan da yake aiki. Ruwa da maganin ciwo da fenisilin suna tallafar gaɓoɓi ne. Ƙarin jini yana kawo lafiyayyun ƙwayoyi na ɗan lokaci, amma idan ya yawaita ƙarfen da ke cikinsa yana taruwa a hanta da zuciya, domin jiki ba shi da hanyar fitar da shi da yawa. Haidiroksiyuriya yana sa ɓargo ya koma ƙera wani kaso na himogulobin ɗin jarirai, wanda ke shiga tsakani ya hana zaruruwan haɗuwa. Dashen ɓargo yana canza maƙerar baki ɗaya, an kuma fara yin sa a Najeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, sai dai yana buƙatar mai bayarwa da ya dace, galibi ɗan'uwa shaƙiƙi, ga tsada ga haɗari. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake ɗebo ƙwayoyin ɓargon mutum a gyara rubutunsu a mayar masa, kuɗinsa kuwa a lokacin ya haura dala miliyan 2.

Ko dashen da ya yi nasara yana da iyaka, kuma iyakar daga tsarin jiki take. Ba ya gyara kan ƙashin cinyar da ya riga ya mutu, ba ya kuma taɓa ƙwayoyin haihuwa, domin su ba daga ɓargo suke fitowa ba. Mutumin da aka yi wa dashe, idan aka gwada jininsa za a ga irin na wanda ya ba shi, AA ko AS, amma maniyyinsa, ko ƙwanta idan mace ce, har yanzu S yake ɗauke da shi, kuma kowane ɗa da za a haifa zai gaji guda. Gwajin da Jihar Kano ta wajabta kafin aure a dokar 2024 yana duba nau'in himogulobin ne, wanda ya sha bamban da rukunin jini na A da B da O da ake nema wajen ƙarin jini, kuma mutane da yawa suna rikita su. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, ba ya la'akari da 'ya'yan da suka gabata, shi ya sa ake samun gidan da 'ya'ya uku a jere suka zo da shi, da gidan da aka haifi shida babu ko ɗaya.